Darasin rediyo na yaƙi da jahilci: “in” da “da” na Hausa, da “if” na Ingilishi

Ina gai da ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, maza da mata. Gaisuwa ta musamman ga iyayena da yayyena na ƙasar Kurfai, mutanen Filinge da Shikal da Luma da Tunfalis da Tukunus, domin da misalan ƙasarsu za mu yi darasin yau. Ku matso kusa da rediyo. Mai littafi ya ɗauko littafinsa da alƙalami, mai allo ya ɗauko allo da alli. Wanda yaro ke kuka a bayanta ta lallashe shi tukuna, muna jiran ta.

Yau za mu taɓa harshen Ingilishi. Na ce Ingilishi, ban ce Turanci ba, saboda a nan ƙasarmu in an ce Turanci mutane da yawa Faransanci suke nufi. Na san akwai wanda zai ce: “Malam, mu da ba mu daɗe da gane baƙaƙen Hausa ba, ina mu ina Ingilishi?” Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. A watan Maris na shekarar 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa su ne harsunan aiki. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi kusa da gidajenku. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, amma ƙafar Bakurfaye ba ta taɓa tsayawa a Yamai ba. Tun zamanin kakanni, da an gama girbi samari ke saɓa kaya su nufi kurmi, wasu Kumasi, wasu Akra, wasu Legas. Waɗansu sun zauna can sun yi iyali. Ƴaƴansu suna jin Hausa a zango, amma da Ingilishi suka koyi rubutu a makaranta, kuma da shi suke aiko saƙo ta waya. Ga magunguna na mutane da na dabbobi da ke shigowa daga Najeriya, bayanin da ke jikinsu da Ingilishi ne.

Ba za mu koyi Ingilishi a dare ɗaya ba. Kalma ɗaya tak za mu kama yau, ƴar ƙarama mai baƙi biyu: if. Wanda ya san yadda take aiki zai iya raba alkawari da buri a cikin takarda. Wanda bai sani ba yana iya cin bashi a kan maganar da ba alkawari ba ce.

Amma daga gida za mu fara. Ku rubuta wannan jimla:

In ruwa ya sauka, za mu yi shuka.

Ku dube ta da kyau. Gida biyu gare ta, waƙafi ya raba su. Gidan farko shi ne sharaɗi: in ruwa ya sauka. Gida na biyu shi ne abin da ke rataye a jikin sharaɗin: za mu yi shuka. Kamar guga ne da igiya a rijiyoyin Dallol Boso, igiya ce ke riƙe da guga. Mai wannan magana yana sa rai. Watan Yuni ne, an gama sassabe, iri yana cikin ƙwarya, ido yana gabas. Ko “in” kuka rubuta ko “idan”, duk ɗaya ne.

Yanzu ku rubuta ta biyu a ƙarƙashin ta farko:

Da ruwa ya sauka, da mun yi shuka.

Ruwa ɗaya ne, shuka ɗaya ce, amma kun ji bambanci tun kafin in faɗa. Mai magana ta biyu ba ya sa rai. Ruwa bai sauka ba, ba a yi shuka ba, ko kuwa an yi binne rana ta ƙone shi. “Da” biyu ne suka kawo wannan sauyi, ɗaya a bakin gidan farko, ɗaya a bakin gida na biyu.

A nan bari in ja kunnen sababbin masu karatu. A baki muna jan wannan “da” ɗin, kunne yana raba shi da sauran. A takarda kuwa duk kamarsu ɗaya. Akwai “da” na haɗi, kamar gero da dawa. Akwai “da” na zamanin da ya wuce. Akwai “da” na lokaci, kamar a ce: da ruwa ya sauka, sai muka yi shuka. Wannan labari ne na abin da ya faru, an yi ruwan, an yi shukar. Saboda haka in kun ga “da” a farkon jimla, kada ku yi gaggawa. Ku kai ido gida na biyu. In kun tarar da wani “da” yana jira a can, to abin bai faru ba.

To, Ingilishi ba shi da kalmomi biyu irin namu. Da if kaɗai yake buɗe duka ƙofofin biyu. Wajen furta ta ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Mu mutanen yamma da ke cewa “tahi” inda littafi ya rubuta “tafi”, sai mun kula, kada ta fito “ih”. Tun da kalmar ɗaya ce, ina mai Ingilishi yake sa bambancin? A jikin kalmar aiki yake sa shi. Abin da Hausa ke yi da “in” da “da”, Ingilishi da sauya kamar kalmar aiki yake yin sa. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan darasin yau.

Mu fara da mai sauƙi, wato abin da kullum haka yake. Mutanen Tukunus, inda tashar gwamnati ke kiwon shanun Azawak, sun san wannan ba sai an gaya musu ba: in saniya ta ci ta ƙoshi, tana ba da nono. Da Ingilishi:

If a cow eats well, it gives milk.

Babu wani abu da aka ƙara. Kalmar aiki ta gidan farko, eats, da ta gida na biyu, gives, duk a kamarsu ta yanzu suke. Karin maganarmu da yawa irin wannan gini ne, kamar in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba za mu daɗe a nan ba.

Na biyu shi ne na sa rai, wanda muka rubuta da farko:

If it rains, we will plant.

In ruwa ya sauka, za mu yi shuka. Ku ja layi a ƙarƙashin will. Ana furta ta “wil”. Ita ce “za” ɗinmu. Duk inda kuka ga if a gida ɗaya, will a ɗayan, to mai magana yana ganin abin zai yiwu, kuma ya ɗaure kansa: in sharaɗi ya cika, zai yi. Will a gidan sakamako take zama, ba ta bin if. Mu ma ba mu cika cewa “in ruwa zai sauka, za mu yi shuka” ba. Waɗanda suka ɗan taɓa lakwal za su tuna Faransanci ma haka yake: s'il pleut, nous sèmerons. Malamai sun sha hana yara sa kalmar gaba a bayan si.

Ga inda ramin yake, kuma Bahaushe ya fi kowa faɗawa cikinsa. Ku sake duba jimlarmu: in ruwa ya sauka. “Ya sauka” muka ce, kamar abin ya riga ya faru, alhali ko hadari bai haɗu ba. Haka harshenmu yake, kuma yana da hujjarsa: sai sharaɗi ya kammala kafin sakamako ya biyo, shi ya sa muke ba shi kamar abin da ya kammala. In ka zo, in kin gama, in sun biya, duk haka ne. To, Bahaushen da ya koyi cewa rained shi ne an yi ruwa, paid shi ne ya biya, got shi ne ya samu, in zai yi sharaɗi sai ya ɗauko su kai tsaye ya ce if it rained, if you paid, if I got. A kunnensa daidai ne, don kalma da kalma ya bi. A kunnen mai Ingilishi kuwa wata magana ce daban. A wurinsu, in kalmar aiki ta ɗauki kamar abin da ya wuce a bayan if, alhali maganar yau ko gobe ake yi, alama ce ta cewa abin ba haka yake ba, ko kuwa da wuya ya zama haka. Wato ka so ka ce “in”, bakinka ya ce “da”.

Saboda haka ga ƙa'ida, ku rubuta ta da hannunku: “in” na Hausa, kalmar aiki ta yanzu yake ɗauka a Ingilishi. If it rains. If you pay. If I get.

Yanzu mu zo na uku, wanda saboda shi na zaɓi wannan darasi. Ku rubuta jimloli biyu, ɗaya a kan ɗaya, ku bar fili a tsakaninsu:

If I get money, I will send it.

If I had money, I would send it.

Ta farko tana cewa: in na samu kuɗi, zan aiko. Ta biyu tana cewa: da ina da kuɗi, da na aiko. Would ana furta ta “wud”, baƙin l da ke cikinta ba ya fita. Ita ce “da” na biyu a jimlarmu ta Hausa. Had kuwa, ko da yake kamar abin da ya wuce gare ta, ba maganar bara take yi ba. Maganar yau take yi: yau ɗin nan ba ni da shi.

Ku ɗauka watan Yuli ne. Rumbu ya kusa kai ƙasa, sabon hatsi da saura, ga noma ana yi da yunwa. Maigida ya sa an gaya wa jikansa da ke Akra halin da ake ciki. Saƙo ya shigo waya da Ingilishi. Aka kira ɗan makaranta ya karanta. Yaro ya ga money, ya san kuɗi ne. Ya ga send, ya san aike ne. Sai ya ce: “Kaka, ya ce zai aiko da kuɗi.” Maigida ya yi hamdala, ya tafi wurin ɗan kasuwa ya ɗauki buhun hatsi bashi, ya ce in kuɗin yaro sun iso zai biya. Alhali abin da aka rubuta shi ne jimla ta biyu. Jikan bai yi ƙarya ba, haƙuri ma ya bayar cikin ladabi. Yaron da ya karanta bai yi ƙarya da gangan ba, manyan kalmomi ya kama ya tsallake ƙanana. Amma bashi ya riga ya hau wuyan tsoho, kuma in kaka ta yi, da hatsin gona zai biya, ba a farashin da ya so ba. Bayan haka ga ɓacin rai tsakanin kaka da jika, wannan yana cewa an yi masa alkawari an saɓa, wancan yana rantsuwa bai yi ba.

Ni a ganina laifin ba na yaro ba ne shi kaɗai. Duk wanda ake karanta wa takarda yana da haƙƙin ya tambaya. Ku da kuka san baƙaƙe yanzu, ku karɓi wayar da hannunku. Ba sai kun gane kowace kalma ba. Ku nemi if, sa'an nan ku nemi abokiyar zamanta. Will ce ko would? Baƙi huɗu ne ko biyar? Wannan aiki ne da kowane ɗalibin cibiya zai iya yi yau.

Sai dai masu rubutu a waya suna son gajartawa. I will sai su rubuta I'll. I would sai su rubuta I'd. Ku rubuta su gefe da gefe ku gani: ɗaya l biyu ne a ƙarshensa, ɗaya d ne. I'll send, zan aiko. I'd send, da na aiko. In an kore maganar kuma, will not ya zama won't, would not ya zama wouldn't. Ido sai ya buɗe sosai a nan, musamman in gilashin wayar ya tsage.

Kada kuma ku ce would kullum rufe ƙofa take yi. Wani lokaci taɓa ruwa ne a ji zurfinsa. A kasuwar dabbobi, kamar ta Baleyara ranar Lahadi, ko kuwa in kun kai dabba kasuwannin Najeriya, mai saye yana iya cewa:

If you reduce the price, I will buy two.

In ka rage kuɗin, zan sayi biyu. Wannan ya shigo ciniki, in ka rage ka kama shi da bakinsa. Wani kuma ya ce:

If you reduced the price, I would buy two.

Da za ka rage kuɗin, da na sayi biyu. Wannan yana gwada ka ne, bai ɗaure kansa ba. Kada ka kori mai saye na farko saboda shi. Ka mayar masa da tambaya a gajarce: will you? Wato za ka saya ɗin? In ya ce I will, sai a tafa.

Akwai wani gini a wannan gida da za ku riƙa ji, na ba da shawara. Mu muna cewa: da ni ne kai, da na sayar da bijimin nan. Su suna cewa: if I were you, I would sell this bull. Were ake sawa a nan ko da mutum ɗaya ne ke magana. Ku haddace shi haka nan kamar gaisuwa.

Na huɗu shi ne na abin da ya wuce, ba ya dawowa. Dattawan Kurfai ba su manta farin 1973 da 1974 ba, ba su manta na 1984 ba, shekarar da damana ta ƙi, ga Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Afrilu, har wasu suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin, Buhari. In dattijo ya tuna garkensa yana cewa: da an yi ruwa sosai a 1984, da shanu ba su mutu ba. Da Ingilishi:

If it had rained well in 1984, the cows would not have died.

Ta yi tsawo, amma kada ta ba ku tsoro. Alamu biyu gare ta. A gidan farko had ta tsaya a gaban wata kalmar aiki: had rained. A gida na biyu have ta biyo would: would have, ko would not have in an kore. Mu a Hausa “da” da “da” sun ishe mu, ko maganar yau ce ko ta shekara arba'in. Ingilishi ya raba su: would kaɗai ta yau ce, would have ta jiya ce. “Da na sani” ɗinmu, wanda aka ce ƙeya ce a baya take, a nan gidanta yake: if I had known. In kun ga would have sent a saƙo, to kada ma ku je tasha tambayar direba. Cewa aka yi da an aiko, amma ba a aiko ba.

Tsofaffin ƴan ci-rani da ke saurare na, na san wasunku suna murmushi, suna cewa mu da muka yi shekaru a Agege ba mu taɓa jin wannan would have ba. Gaskiyarku, Broka kuka ji, kuma ban raina ta ba, da ita kuka ci abinci. Abin sha'awa, ita ma ta raba gidajen nan biyu. If rain fall, we go plant: go shi ne will, shi ne “za”. If to say I get money, I for send am: for shi ne would, shi ne “da”. Wanda ya san bambancin I go come da I for come ya riga ya san rabin darasin yau. Abin da ya rage masa shi ne ya gane kamarsu a takardar ofis da ta asibiti, inda ba a rubuta Broka.

Akwai ƴan'uwan if guda uku da ya kamata ku san fuskarsu.

Ta farko unless, ana furta ta “anles”. Ma'anarta “sai in”, ko “in ba”. Haɗarinta shi ne korewa tana ɓoye a cikinta, ba za ku ga not a fili ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busiya ta Gana ta ba da umarni cewa baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar cikin kwana 14. Ƴan Nijar da yawa sun dawo a lokacin, wasu sun baro shago da gida. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka a Najeriya. Dukan umarnin biyu a kan sharaɗi suka tsaya. In muka shirya misali namu na irin wannan magana, zai zama: you will leave unless you have papers. Za ka fita, sai in kana da takardu. Wanda ya ɗauki unless a matsayin if zai ji maganar a juye, ya zaci mai takardu ne zai fita.

Ta biyu when. A Hausa muna cewa in gari ya waye, alhali babu mai shakkar wayewar gari. “In” ɗinmu yana ɗaukar abin da ake shakka da abin da ake jira kawai. Ingilishi ya raba: if na shakka ne, when na lokaci ne. Wannan yana da nauyi a takardar bashi. When I sell the cow, I will pay: ya ce zai sayar da saniyar, lokaci kawai ake jira. If I sell the cow, I will pay: bai ce zai sayar ba, in bai sayar ba kuwa yana iya cewa sharaɗi bai cika ba. Shawarata, ko wace aka rubuta, kuma ko da wane harshe ne, ku sa a ƙara rana da wata da shekara, da adadin kuɗin da lambobi, jika nawa ne. Shaidu su ji an karanta kafin a dangwala hannu.

Ta uku even if, wato “ko da”. Even if it rains, I will come. Ko da an yi ruwa, zan zo. Wannan ya fi kowane alkawari ƙarfi, don ya ture sharaɗin gefe.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon iyaye mata su kasa kunne, don su ne masu ba yara magani. Ba kullum if take zuwa a farkon jimla ba. Tana iya zama a tsakiya, kuma in ta zauna a tsakiya ba a sa waƙafi. Mu ma muna cewa za mu yi shuka in ruwa ya sauka. A jikin kwalin magani za ku ga irin wannan:

Do not use if the seal is broken.

Kada a yi amfani da shi in murfin ya riga ya ɓalle. Ko kuwa:

If symptoms persist, see a doctor.

In ciwo bai lafa ba, a ga likita. A nan babu will, babu would, umarni ne kai tsaye yake rataye a jikin sharaɗin. Duk inda kuka ga if ko unless ko do not a jikin magani, ko na mutum ko na dabba ko na feshin gona, kuma ba ku gane abin da ya biyo baya ba, kada ku yi ƙiyasi. Ku kai shi gidan likita ko wurin malamin dabbobi ko malamin gona a karanta muku. Darasin dare ɗaya bai isa a auna wa yaro magani da shi ba.

Ga aikin gida. Ku rubuta jimloli uku na Hausa daga zamanku na yau da kullum: ɗaya da “in”, ɗaya da “da” biyu a kan abin yau, ɗaya da “da” biyu a kan abin da ya wuce. Manomi ya yi a kan gonarsa, makiyayi a kan garkensa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli a kan gyaɗarta. A gefen kowace jimla ku rubuta wadda ta dace da ita a cikin ukun nan: will, would, would have. Sa'an nan ku kwafi waɗannan biyun, ku rubuta ma'anar kowace da Hausa a ƙarƙashinta:

If the lorry comes, I'll bring the millet.

If the lorry came, I'd bring the millet.

Lorry ita ce babbar mota, millet shi ne hatsi, bring shi ne kawowa. Ku gaya mani wanne ne za ku share masa rumbu. Ku kai wa malamin cibiyarku ya duba, malamai kuma ku aiko mana da amsoshin ta hannun ofishin yaƙi da jahilci na yankinku, za mu karanta wasu a rediyo. Waɗanda ke karanta darasin a jarida, ku roƙi malami ya furta muku jimlolin sau biyu biyu, ku bi bakinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan rubuta ranaku da watanni a takardar yarjejeniya. Ku zo da kalanda in kuna da ita. Mu kwana lafiya.